Yadda matashin da ba ya iya zuwa makaranta zai haɗa wasan kwamfuta na farko daga gida

Na zauna da matasa da dama waɗanda makaranta ta yi musu nisa ba da son ransu ba. Wani jinya ta kwantar da shi wata da watanni, wata ƙafafunta ba sa kai ta, wani gudun hijira ya raba shi da ajinsu, wata kuma da ta doshi ƙofar aji sai ƙirjinta ya ɗaure. Kusan dukansu abu ɗaya ke ci musu rai: kwanaki sun zama iri ɗaya, ba abin da aka fara, ba abin da aka gama, ba kuma wanda za a nuna wa. Shi ya sa nake koya musu haɗa wasan kwamfuta, wanda muka fi sani da gem. A cikinsa akwai lissafi da zane da rubutu da sauti, kuma ƙarshensa wani abu ne da za ka miƙa wa mutum ka ce, "Gwada ka gani, ni na yi."

Ƙanena, ƙanwata, da ku nake. Zan riƙa cewa "ka" don rubutu ya yi sauƙi, amma ke ma ki ɗauka da ke nake kai tsaye. Wasan da za mu haɗa ƙarami ne: taurari suna faɗowa daga sama, kai kuma kana tare su da kwano.

Kayan aiki

Na farko na'ura. Kwamfuta ta fi daɗin aiki, tsohuwa ma ta wadatar, ba sai mai ƙarfi ba. Tabulet ma yana yi. Sai manhajar Scratch, wadda wani rukuni a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, a Amurka ya fitar a 2007 ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick. Zubi na uku da ake amfani da shi yanzu ya fito a farkon 2019. Kyauta ce, kuma ba a rubuta umarni a cikinta da hannu. Bulo-bulo ne masu launi ake jawowa a harhaɗa su. Ana buɗe ta a shafin intanet, ana kuma sauke ta a kan Windows ko macOS ko ChromeOS ko tabulet mai Android, daga nan ta yi aiki ba intanet. Ka sauke ta ko da kana da intanet a yau, domin ranar da ba ka da shi.

Sai littafin rubutu mai gida-gida irin na lissafi, da fensir, da filash ko katin memori, da ƙararrawar waya don auna lokaci. Na ƙarshe mutum ɗaya wanda ya yarda zai gwada wasanka in ka gama: yaya, ƙani, mahaifiya, aboki ta waya, ko mai jinyarka. Ka nemo shi tun yau, ka faɗa masa.

In waya kaɗai gare ka, Scratch zai matse maka a ƙaramin allo. Ka nemi OctoStudio, wanda rukunin nan na MIT ya fitar a 2023 musamman don waya, yana kuma aiki ba intanet, ko Pocket Code na aikin Catrobat daga jami'ar fasaha ta Graz a Ostiriya. Sunayen bulon sun bambanta kaɗan, tunanin kuwa ɗaya ne. In babu na'ura sam a yanzu, mataki na 1 da na 2 ba sa bukatarta, kuma su ne tushen aikin.

Mataki na 1: Tsara lokaci daidai ƙarfinka

Ka zaɓi lokaci ɗaya a rana da jikinka ya fi sakewa, ka ware minti 25. In sun yi yawa, ka mai da su 10. Na yi aiki da wata yarinya da ba ta iya zama fiye da minti 10 ciwo bai taso ba, ta kuma gama wasanta, sai dai ya ɗauke ta makonni fiye da sauran. In ƙararrawa ta buga ka tsaya ko da aiki na tafiya, ka rubuta layi ɗaya a littafinka: abin da ka yi yau, da abin da za ka fara da shi gobe. Layin nan shi ne zai dawo da kai kan hanya in rashin lafiya ko wata hidima ta raba ka da aikin kwana biyar. Don ido, kowane minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Ga iyaye da yayye: ranar da ya ce ba zai iya ba, ku bar shi. In aka mai da zaman tilas, an kashe shi.

Mataki na 2: Yi wasan a takarda tukuna

Ka rubuta amsar tambayoyi huɗu, kowace a jimla ɗaya. Me ɗan wasa yake yi da hannunsa? Yana matsar da kwano dama da hagu. Me yake nema? Tara maki. Me ke hana shi? Taurari suna ƙara sauri. Yaushe wasa ke ƙarewa? In tauraro uku suka kuɓuce masa.

Daga nan ka zana allo a shafi, ka yanko 'yar takarda a matsayin kwano, wata a matsayin tauraro, ka matsar da su da yatsa kana faɗin abin da ke faruwa da bakinka. "Tauraro ya sauko. Ya taɓa kwano. Maki ya ƙaru. Ya koma sama." Waɗannan jimlolin su ne za ka mayar bulo nan gaba.

A nan ne yawancin masu farawa ke faɗuwa, don haka bari in tsaya. Kusan duk wanda na koya wa yana zuwa ne da burin wasa mai birane da motoci da labari mai tsawo, irin waɗanda yake bugawa. Manyan wasannin nan ɗaruruwan ma'aikata ke yin su, shekara da shekaru. Wani yaro ya cika rabin littafi da sunayen jarumai da makamansu, wata biyu ba abin da ya motsa a allo, har ya fara cewa shi ba shi da kan abin. Kan yana da shi, kayan da ya ɗauka ne suka fi ƙarfin wuya. Ka tuna Pong da kamfanin Atari ya fitar a 1972 sanduna biyu ne da ƙwallo ɗaya, Tetris da Alexey Pajitnov ya haɗa a 1984 kuma siffofi bakwai ne kacal suke faɗowa. Ka ware shafukan ƙarshen littafinka, duk dabarar da ta zo maka ka ajiye ta can. Ba a yar da ita ba, lokacinta ne bai yi ba.

Mataki na 3: San fage

Buɗe Scratch. Ka nemi alamar ƙwallon duniya a sama ko cikin saituna ka zaɓi harshen da ka fi ganewa, domin an fassara manhajar zuwa harsuna fiye da 70. Zan kira bulo da launinsa da ma'anarsa, don ka gane shi ko da wane harshe ka buɗe. Na motsi shuɗi ne, na kamanni shunayya, na sauti ruwan hoda, na farawa rawaya, na sarrafawa ruwan lemu mai haske, na ganowa shuɗi mai haske, na lissafi kore, na ajiye lamba ruwan lemu mai duhu.

Ilimin da kake bukata kaɗan ne. Fagen wasa faɗinsa taku 480, tsayinsa 360, tsakiyarsa kuma sifili. Harafin x yana auna hagu da dama, daga -240 zuwa 240. Harafin y yana auna ƙasa da sama, daga -180 zuwa 180. Ƙara x, abu ya tafi dama. Rage y, abu ya yi ƙasa. Ka zana wannan a littafinka da lambobinsa.

Goge kyanwar da manhajar ke zuwa da ita, ka shiga taskar hotuna ka ɗauko kwano da tauraro. Kada ka tsaya zana naka yanzu.

Mataki na 4: Sa kwano ya motsa

Danna kan kwano tukuna, don umarnin ya shiga jikinsa. Mutane da yawa suna haɗa bulo a jikin tauraro suna mamakin me ya hana kwano motsi. Ɗauko bulon rawaya mai cewa "idan aka danna koriyar tuta". Ƙarƙashinsa sa shuɗin "je zuwa x 0, y -150". Sai bulon "har abada". A cikinsa sa "idan... to" guda biyu: idan an danna kibiyar dama, canza x da 10, idan an danna kibiyar hagu, canza x da -10. Danna tutar ka gwada.

Akwai wani bulon rawaya mai cewa "idan aka danna madanni kaza", wanda yake kama da gajeriyar hanya. Ka guje shi a nan. Da shi kwano zai yi taku ɗaya, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba, saboda haka madannan kwamfuta suke in an riƙe su. Tambayar da aka sa cikin "har abada" kuwa ana maimaita ta kusan sau 30 a daƙiƙa, shi ya sa motsin ke fita sumul.

In tabulet gare ka, ko yatsunka ba sa jure danne-danne, ka cire "idan" biyun nan ka sa bulo ɗaya cikin "har abada": saita x ya zama x na linzami. Kwano zai bi linzami ko yatsanka a kan allo.

Ajiye aikinka yanzu. Manhajar da aka sauke ba ta ajiyewa da kanta. Ka shiga jerin fayil ka zaɓi ajiyewa a kwamfuta, za ta ba ka fayil mai ƙarewa da sb3. Buɗe folda ɗaya don wasan, ka riƙa sa wa kowane zubi lamba: taurari01, taurari02. Kada ka riƙa danne tsoho da sabo. Ranar da ka ɓata wani abu ka rasa ta inda za ka gyara, na jiya zai cece ka. Ƙarshen mako ka kwafa foldar a filash.

Mataki na 5: Tauraro, maki da rai

Wannan shi ne mataki mafi tsawo, ka raba shi zama biyu ko uku.

A sashen ruwan lemu mai duhu ka ƙirƙiri ma'ajiyar lamba uku, ka bar su a matsayin na kowa da kowa a fagen: maki, rai, gudu. Ka ɗauke su kamar akwati mai suna wanda lamba ɗaya ke zaune a ciki, ana iya canza ta.

Danna kan tauraro. Fara da bulon tuta. Saita maki 0, rai 3, gudu 4. Sai "je zuwa", a ramin y ka rubuta 170, a ramin x ka saka koren bulon da ke zaɓar lamba ba tsari, daga -220 zuwa 220. Sai "har abada", a cikinsa abu huɗu a jere.

Na ɗaya, canza y da koren bulon ragi: 0 a cire gudu. In ka sa gudu kawai, tauraron sama zai yi ya maƙale, domin lambar ba ta ragi ba ce.

Na biyu, idan yana taɓa kwano, ƙara maki da 1, kunna sauti, sannan ya koma sama da irin "je zuwa" ɗin farko. Bulon sauti iri biyu ne. Ɗaya yana jira sautin ya ƙare kafin a wuce, ɗaya yana kunnawa ya ci gaba. Na biyun za ka ɗauka. Da na farkon, tauraro zai daskare duk lokacin da ka ci maki.

Na uku, idan matsayin y ya gaza -170, rage rai da 1, ya koma sama. Kada ka rubuta -200 da tunanin sai ya fita daga allo. Scratch ba ya barin abu ya ɓace gaba ɗaya daga fage, yana iya tsayawa a bakin ƙasa bai taɓa kai lambar ba, wasa ya tsaya cak.

Na huɗu, idan rai ya gaza 1, dakatar da komai. Na fi son "ya gaza 1" a kan "daidai da 0", domin in ka ƙara taurari nan gaba, biyu na iya faɗuwa tare lambar ta tsallake sifili.

Danna tuta. In ya yi, ka riga ka haɗa wasa. In bai yi ba, kada ka rushe komai. Karanta bulon daga sama zuwa ƙasa da murya, kamar yadda ka yi da takarda, kana kallon lambobin maki da rai da gudu a kusurwar fage. Canza abu ɗaya, gwada, sannan ka taɓa na gaba. Kurakurai uku na fi gani: an manta mayar da lambobi yadda suke a farko, sai sabon wasa ya fara da rai 0 ya mutu nan take, an ajiye "idan" a waje da "har abada" maimakon cikinsa, ko an bar alamar ragi.

Mataki na 6: Daidaita wahala

Nan ne ainihin tsara wasa yake, kuma nan na fi son zama da ɗalibi. Wasan da ba ya ƙara wuya yana gundura, wanda ya fi ƙarfin mutum kuma yana sa a ajiye shi. Ƙara bulo ɗaya a wurin taɓa kwano: canza gudu da 0.2.

Yanzu ɗauko fensir. Tauraro yana sauka taku 340 daga 170 zuwa -170. A gudu 4 yana bukatar zagaye 85 na "har abada", kusan daƙiƙa 3 ke nan. A gudu 8, zagaye 42 da ɗoriya. Kwano kuma yana yin taku 10 a zagaye, kuma tazarar da ke tsakanin gefe da gefe inda tauraro ke iya fitowa taku 440 ce, wato zagaye 44. Ka ga ke nan, da gudu ya kai wajen 8 ya wuce, za a fara samun tauraron da duk ƙwarewar mutum ba zai iya cim masa da madannai ba. Ɗan wasa ba zai yi wannan lissafin ba, amma zai ji a jikinsa an zalunce shi. Gyaran na hannunka: ko ka sa sharaɗin cewa gudu ba ya wuce 7, ko ka ƙara saurin kwano yayin da wasa ke zafi, ko ka rage faɗin wurin da taurari ke fitowa. Gwada kowanne, ka rubuta wanda ya fi daɗi da dalili. Wani yaro da ya daɗe yana gudun rabawa a lissafi ya zauna da kansa yana raba 340 da lambobi daban-daban, don yana so ƙanwarsa ta sha wuya amma kada ta yi fushi.

Mataki na 7: Ba wani ya gwada, ka kame bakinka

Kira mutumin da ka nema tun farko. Miƙa masa, kada ka yi bayani, kada ka karɓe in ya rikice. Kalli hannunsa da fuskarsa. In bai san madannin da zai danna ba, wasan ne ke bukatar rubutu a farkonsa. In ya mutu cikin daƙiƙa 10, farkon ya yi zafi. In ya sake danna tuta ba ka ce ya yi ba, ka samu abin da ake nema. Bayan ya gama, kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, domin mai ƙaunarka zai ce ya yi. Tambaye shi ina ne ya ruɗe, ina ne ya ji haushi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Zaɓi gyara biyu kawai daga abin da ka gani.

In ba kowa kusa, ka tura fayil ɗin ga aboki, ko ka nuna masa allo ta kiran bidiyo.

Mataki na 8: Kwalliya

Yanzu ka zana naka. Scratch yana da wurin zane da wurin naɗar murya, Piskel kuma yana taimakawa wajen zanen ɗigo-ɗigo irin na tsofaffin wasanni. In za ka ɗauko hoto ko sauti daga intanet, ka duba lasisinsa. Mai alamar CC0 an sake shi ga kowa, sauran kuwa suna da sharuɗɗa, sau da yawa ambaton mai shi. Kada allo ya riƙa walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa, yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwo. Kada kuma ka bambanta abu mai kyau da mai cutarwa da ja da kore kawai, akwai masu idon da ba ya rarrabe su. Bambanta siffarsu ma.

Mataki na 9: Fitar da shi

Ka sa ranar gamawa, in ta zo ka tsaya ko da akwai sauran buri. In za ka ɗora shi a shafin Scratch, ku buɗe asusu tare da babba. Kada ka sa sunanka na gaskiya, ko hotonka, ko inda kake zaune, ko bayanin ciwonka. Kalmar sirri ta zama doguwa, ka rubuta ta a littafinka ba a jikin na'ura ba. Duk wanda ya nemi ku koma hira a keɓe, ko ya nemi hoto, ka nuna wa babba nan take. Ka sani kuma duk abin da aka wallafa a can, kowa na iya buɗe cikinsa ya gina nasa a kai, tsarin wurin ke nan. Kai ma ka buɗe na wasu ka ga yadda suka warware abin da ya gagare ka.

Mataki na 10: Na biyu

Ka yi ƙananan wasanni biyu ko uku a Scratch kafin ka sauya manhaja, kowanne da sabon abu ɗaya: tsalle, ko lokaci mai ƙarewa, ko 'yan wasa biyu. Daga nan ka bi abin da ka lura ya fi jan ka. In labari ne, Twine da Chris Klimas ya fitar a 2009 yana haɗa labarin da mai karatu ke zaɓar hanyarsa, kuma yana dacewa da wanda saurin hannu ke ba wuya. In tsara matakai ne, GDevelop yana aiki da sharaɗi da sakamako ba tare da rubuta umarni ba. MakeCode Arcade na Microsoft yana nuna maka bulonka a rubuce da harshen kwamfuta na JavaScript ko Python, gada ce mai kyau zuwa rubutun umarni. In ka shirya rubutawa da hannu, Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka fara aka kuma sake shi ga kowa a 2014, yana da harshensa GDScript mai kama da Python.

Akwai kuma gasannin haɗa wasa cikin ɗan lokaci, kamar Ludum Dare da ake yi ta intanet tun 2002, da wasu masu yawa a shafin itch.io. Ka duba ƙa'idar shekaru tare da babba kafin ka shiga. Na awa 48 yana cinye barci da ƙarfi, don haka in jikinka ba ya jure wa, ka zaɓi mai mako ɗaya ko biyu, ka riƙe mintinka 25 ɗin nan, ka buɗe shafukan ƙarshen littafinka ka ɗauko dabara mafi ƙanƙanta a ciki.